BAYANI: Babbar jami'a ko ƙaramar kwaleji, wacce ta fi dacewa da mai son karatun okufeshonal terafi?

A duk lokacin da Hukumar JAMB ta buɗe sayar da fam ɗin jarrabawar shiga manyan makarantu, tambayar da ta fi yawo a gidaje da cibiyoyin rajista ita ce sunan makarantar da ɗalibi zai cike. Iyaye kan karkata ga jami'o'in da suka yi suna tun Jamhuriya ta Farko, domin a ganinsu takardar da ke ɗauke da tambarin tsohuwar jami'a ta fi saurin buɗe ƙofa. A wasu fannonin wannan lissafi yana da ƙamshin gaskiya. Amma a fannin farfaɗo da ayyukan yau da kullum na majinyata, wanda ake kira okufeshonal terafi ko OT a taƙaice, dogaro da suna kaɗai na iya sa ɗalibi ya kwashe shekaru yana karatu, ya kammala, sannan ya tarar ba shi da hurumin taɓa majinyaci ko ɗaya.

Dalili kuwa shi ne OT sana'a ce da doka ta ɗaure. Takardar kammala karatu ba ta isa ba sai an haɗa ta da lasisi, kuma lasisin yana bin sahun sashen da ya koyar da ɗalibi ne, komai girman sunan makarantar da sashen yake cikinta.

Mene ne aikin mai OT?

Mutane da yawa na ɗaukar OT da fisiyoterafi, wato abin da ake kira gashin ƙashi, a matsayin abu ɗaya. Ayyukan biyu 'yan uwa ne, amma kowanne da inda ya fi sa ido. Mai fisiyoterafi yana aiki ne kan motsin jiki da ƙarfin gaɓɓai da rage zafin ciwo. Mai OT kuma yana tambayar abin da majinyaci yake buƙatar yi da wannan jikin a rayuwarsa ta kullum, sannan ya nemo hanyar da zai iya yin sa.

Idan tela ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, mai fisiyoterafi zai taimaka wa hannun ya soma ɗagawa. Mai OT shi ne zai koya masa yadda zai sa riga da hannu ɗaya, ya yi alwala ba tare da an riƙe shi ba, ya kuma duba ko za a iya sauya tsarin keken ɗinkinsa domin ya koma neman abincinsa. Haka yake yi wa yaron da aka haifa da matsalar ƙwaƙwalwa mai hana shi riƙe cokali ko alƙalami, da wanda aka yanke wa ƙafa bayan haɗarin mota, da mai taɓin hankalin da ya samu sauƙi yake son komawa cikin iyalinsa.

An kafa ƙungiyar farko ta masu wannan sana'a a Amurka a 1917, kuma aikin ya bunƙasa sakamakon ɗimbin sojojin da suka koma gida da raunuka daga Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1952 aka kafa Tarayyar Masu OT ta Duniya, WFOT, wadda har yau ita ke fitar da mafi ƙarancin ƙa'idojin da ake son kowace makaranta ta cika.

Buƙatar ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 2.4 ne a duniya ke fama da larurar da aikin farfaɗowa zai amfane su. A Najeriya, an ayyana kawar da ainihin ƙwayar cutar shan inna a watan Agustan 2020, amma waɗanda cutar ta riga ta nakasa suna nan da rai, musamman a Arewa. Ga waɗanda rikicin Boko Haram da hare-haren 'yan bindiga suka raba da gaɓɓansu. Ga kuma dokoki biyu da suka ɗora wa gwamnati nauyi: dokar haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sanya wa hannu a Janairun 2019, da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Aiwatar da kowacce daga cikinsu na buƙatar ƙwararrun OT.

Zaɓin da ke ƙasa

Makarantun da ke koyar da OT a Najeriya ba su da yawa idan aka kwatanta da masu koyar da likitanci ko aikin jinya. Guda uku daga cikinsu sun isa su nuna irin zaɓin da ke gaban ɗalibi.

Ta farko ita ce Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife a Jihar Osun, ɗaya daga cikin jami'o'in farko na ƙasar, wadda ke ba da digiri a OT ƙarƙashin sashenta na farfaɗo da majinyata. Tana da tsohon suna da babban asibitin koyarwa.

Ta biyu ita ce Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Ondo, mallakar gwamnatin jiha, da aka kafa a 2015. Ba ta kai ta Ife shekaru ko shahara ba, amma gaba ɗayanta an gina ta ne domin fannonin lafiya.

Ta uku ita ce Makarantar Koyon OT ta Tarayya da ke Oshodi a Legas, wadda ke ƙarƙashin Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya na Yaba. Da wuya a ji sunanta a bakin ɗalibin sakandare a Kano ko Gusau. Difiloma take bayarwa, kuma ɗalibanta na tasowa ne a jikin asibitin da OT ke cikin ayyukansa na kullum.

A nan ne bambanci na farko yake, kuma ba shi da alaƙa da shahara. Mai digiri shi ne ake yi wa rajista a matsayin cikakken ƙwararre, wanda zai auna majinyaci ya tsara masa shirin jinya. Mai difiloma kan fara ne a matsayin mataimaki ko ma'aikacin fasaha. Wannan yana shafar matakin albashin da za a ɗauke shi da kuma inda ƙarin girmansa zai tsaya, a ƙasar da aka daɗe ana taƙaddama kan fifikon da ake bai wa digiri a kan babbar difiloma. Hanyar difiloma tana da amfaninta, domin ta fi gajarta kuma tana kai mutum bakin aiki da wuri. Sai dai ya kamata wanda ya zaɓe ta ya san abin da ya zaɓa, ya kuma bincika tun farko ko akwai jami'ar da za ta karɓe shi ya ƙarasa digiri daga baya.

Hukumomin da ke riƙe da mabuɗi

Kafin a yi maganar wace makaranta ta fi wata, akwai ƙofofi da dole kowacce ta wuce.

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ke tantance kwasa-kwasan digiri. Abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba shi ne tantancewar tana bin kwas-kwas ne. Jami'a na iya samun cikakkiyar amincewa a likitanci da shari'a, alhali wani sashenta yana kan amincewar wucin gadi ko ma an hana shi. Cikakkiyar amincewa tana ɗaukar shekara biyar, ta wucin gadi shekara biyu, sashen da aka hana kuwa ba shi da izinin ɗaukar sababbin ɗalibai. Makarantun difiloma kuma suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, mai hedikwata a Kaduna.

Ƙofa ta biyu ita ce Hukumar Rajistar Ƙwararrun Farfaɗo da Majinyata ta Najeriya, MRTB, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 38 ta 1988. Ita ke kula da masu fisiyoterafi da masu OT da masu gyaran magana da ji, da wasu sana'o'in da ke kusa da su. Tana da nata tsarin tantance sassan da ke koyar da waɗannan fannoni, kuma ita ke rantsar da waɗanda suka kammala ta ba su lasisi. Amincewar NUC ba ta maye gurbin ta MRTB.

Ƙofa ta uku ita ce JAMB. Tun 2017 duk gurbin karatu na halal yana bi ne ta manhajarta ta CAPS. Ɗalibin da makaranta ta ɗauka ta bayan fage zai gamu da cikas ranar da ya je neman shiga hidimar ƙasa.

Abin da ya faru a fannin shari'a ya isa darasi. A watan Nuwamban 2023, Majalisar Ilimin Shari'a ta dakatar da Jami'ar Baze da ke Abuja daga ɗaukar ɗaliban shari'a na tsawon shekara biyar, bisa samunta da wuce adadin ɗalibai 50 da aka amince mata a kowace shekara. Sakamakon haka ɗaruruwan waɗanda suka kammala suka taru suna jiran gurbi a Makarantar Horar da Lauyoyi. Jami'ar sananniya ce, kuɗinta kuma ba na kowa ba ne, amma hakan bai tsare ɗalibanta ba. Duk sana'ar da ke da hukumar lasisi tana ɗauke da irin wannan haɗari.

Abin da suna ke bayarwa

Ba za a yi wa tsofaffin jami'o'i adalci ba idan aka ce sunansu banza ne. Babban asibitin koyarwa yana tara majinyata iri-iri, daga jariran da aka haifa da matsala zuwa tsofaffin da suka gamu da shanyewar jiki da waɗanda suka ƙone. Ɗalibin OT a irin wannan wuri yana zagayen ɗakunan jinya tare da ɗaliban likitanci da na jinya da na fisiyoterafi, kuma haka aikin yake tafiya bayan an kammala. Akwai tsofaffin ɗalibai da suka bazu a asibitocin ƙasar da na waje, waɗanda kan sanar da na baya idan gurbin horon shekara ɗaya na bayan digiri ya buɗe. Ga wanda ke da burin digiri na biyu ko koyarwa, ɗakin karatu da malamai masu bincike suna da tasiri.

Amma shahara na zuwa da nata nauyin. Gasar shiga tana da zafi, kuma ƙananan kwasa-kwasan lafiya sukan zama matattarar waɗanda suka nemi likitanci ba su samu ba. A babbar tsangayar lafiya, ƙaramin sashe na iya zama ɗan bora wajen rabon kuɗi da kayan aiki, ta yadda martabar da jami'ar ta samu daga wasu fannoni ba ta nuna halin da ɗakin gwajin OT yake ciki. Ga kuma yajin aiki. Na ƙungiyar ASUU a 2022 ya fara ne ranar 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur, bayan wanda aka yi a 2020 da ya ci kusan wata tara. Wanda ya shiga jami'ar gwamnati ya kamata ya sa wannan a lissafinsa.

Ƙaramar makaranta ko sabuwa tana iya ba ɗalibi abin da babba ba ta bayarwa. Idan aji bai cika ba, malami na iya tsayawa a kan kowane ɗalibi lokacin da yake ƙera takalmin hannu na roba ko yake auna ƙarfin yatsun majinyaci. Idan makarantar ta fannin lafiya ce zalla, OT ba ta gogayya da injiniyanci ko shari'a wajen neman kulawar shugabanni. Haɗarinta kuma a fili yake. Sashen da ke da ƙwararrun malamai biyu ko uku na iya durƙushewa idan ɗaya ya tafi Ingila. Sabon kwas da bai taɓa yaye ɗalibai ba ba shi da tarihin da za a auna shi da shi. Makarantar da ke jingine da asibiti mai fanni ɗaya kuma tana iya fitar da ɗalibin da ya ƙware a lafiyar ƙwaƙwalwa amma bai ga yara ko masu raunin laka da yawa ba, sai dai idan tana tura ɗalibanta wasu asibitocin.

Ma'aunin sa'o'i 1,000

Akwai ma'auni ɗaya da ke aiki a kan babba da ƙarama ba tare da la'akari da suna ba. Ƙa'idojin WFOT sun tanadi cewa kowane ɗalibi ya yi aƙalla sa'o'i 1,000 na horon aiki da majinyata na gaske, ƙarƙashin kulawa, a wurare mabambanta. OT sana'ar hannu da ido ce. Ba a koyon yadda ake ɗaga mai shanyewar jiki daga gado zuwa keken guragu daga allo.

Saboda haka tambayar da ta fi kowacce nauyi ita ce inda ɗalibai ke yin waɗannan sa'o'i, da wanda ke kula da su. Idan mai kula da ɗalibin OT a asibiti ba ƙwararren OT mai lasisi ba ne, to horon ya rasa ginshiƙinsa. WFOT tana wallafa jerin kwasa-kwasan da ta amince da su a shafinta na intanet, ƙasa bayan ƙasa, kuma kowa na iya dubawa kyauta.

Lissafin aljihu

Ga ɗalibin Arewa, makarantu ukun da aka ambata duk suna Kudu maso Yamma ne. Kuɗin makaranta ɓangare ne kawai na abin da za a kashe. Akwai kuɗin mota sau da yawa a shekara, da haya, da abinci, da zirga-zirga zuwa asibitocin horo. Zama a Legas da zama a Ondo ko Ile-Ife ba kuɗi ɗaya ba ne.

Dokar bashin ɗalibai da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Afrilun 2024 ta kafa asusun NELFUND, wanda ke biyan kuɗin makaranta tare da ba da kuɗin kashewa ba tare da ruwa ba. Ɗaliban makarantun gwamnati ne ke cin gajiyarsa, kuma ana fara biya shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa. Wanda ya zaɓi makaranta mai zaman kanta saboda kyan gini ko gudun yajin aiki zai ɗauki nauyin da kansa. Albashin asibitin gwamnati kuwa yana bin takardar shaida da matakin aiki ne. Wanda ya kashe miliyoyi da wanda ya kashe dubbai, idan digirinsu da lasisinsu ɗaya ne, mataki ɗaya za su fara.

Masu hangen ƙetare

Wasu iyayen kan tura 'ya'yansu ƙasashen waje idan gurbi ya gagara a gida. A watan Disambar 2023, ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samu digiri cikin mako shida daga wata makaranta a Kwatano. A farkon Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, daga baya kuma ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce an gano 'yan Najeriya fiye da 22,000 masu ɗauke da takardun bogi daga ƙasashen biyu. Matakin ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah. Duk wanda ya karanta OT a waje sai takardarsa ta bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sannan ya bi ta hannun MRTB kafin ya yi aiki a Najeriya.

Haka abin yake ga masu burin fita aiki. A Birtaniya hukumar HCPC ce ke yi wa masu OT rajista, kuma abin da take dubawa shi ne darussan da mutum ya ɗauka da horon da ya yi. A Amurka, tun 2007 sai da digiri na biyu ake shiga sana'ar a matsayin cikakken ƙwararre, sannan a ci jarrabawar hukumar NBCOT. Jami'in da ke duba takardu a London bai san wace jami'a ce ake ji da ita a Najeriya ba. Takardar sakamako da lissafin sa'o'in horo su ne za su yi magana.

Tambayoyin da ya kamata a yi kafin cike fam

Gani ya kori ji. Ɗalibin da ke da hali ya ziyarci sashen da kansa, wanda ba shi da hali kuma ya nemi ɗaliban da ke ciki ko waɗanda suka gama. Tambayoyi shida ne suka fi muhimmanci.

Na farko, wane matsayi kwas ɗin OT yake da shi a wajen NUC ko NBTE, kuma yaushe wa'adinsa zai ƙare?

Na biyu, MRTB ta amince da sashen, kuma ta taɓa rantsar da ɗalibansa?

Na uku, malamai nawa ne na dindindin masu lasisin OT, kuma ɗalibai nawa ne a kowane aji?

Na huɗu, a waɗanne asibitoci ake horo, kuma horon ya haɗa da yara da lafiyar ƙwaƙwalwa da raunukan jiki da aiki cikin al'umma?

Na biyar, ina waɗanda suka kammala a shekaru uku da suka wuce suke yanzu, kuma wata nawa suka jira kafin samun gurbin horon bayan digiri?

Na shida, nawa ne jimillar abin da za a kashe daga shiga zuwa fita?

Makarantar gwamnati da ta yi nauyin baki ba ta fi ƙarfin doka ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa kowane ɗan ƙasa damar neman bayani a rubuce daga hukumomin gwamnati, ta kuma ba su kwana bakwai su amsa. Sashen da ke da amincewa ba ya jin nauyin nuna wasiƙarsa.

Idan makarantu biyu suka amsa waɗannan tambayoyi daidai wa daida, to a nan suna yake da daraja, kuma babu laifi a bi shi. Idan kuwa ƙaramar ta amsa, babbar ta yi ta kame-kame, ƙaramar ce ta cancanci shekarun ɗalibi da kuɗin iyayensa.

Tambayar da ta rage wa masu mulki

Ƙarancin zaɓin da ɗalibai ke fuskanta sakamakon manufofin gwamnati ne. Arewa tana da Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, ga asibitocin koyarwa na jami'o'i. Waɗannan su ne irin wuraren da ake gina horon OT a jikinsu. Jami'ar Bayero ta daɗe tana yaye masu fisiyoterafi, abin da ke nuna cewa yankin na iya riƙe fannonin farfaɗo da majinyata idan an ba su kuɗi da malamai.

Gwamnatocin jihohi na kashe maƙudan kuɗi wajen tura ɗalibai karatun likitanci a ƙasashen waje, kuma a duk kakar zaɓe ana raba kekunan guragu gaban kyamara. Keken da ba a auna shi da jikin mai hawa ba yana iya jawo gyambon zama da karkacewar baya, kuma auna shi na cikin aikin mai OT. Matasan da ke bibiyar kasafin kuɗin jihohinsu suna da hurumin tambayar guraben OT nawa ma'aikatar lafiya ta tanada a manyan asibitocinta, da ɗalibai nawa hukumar tallafin karatu ta ɗauki nauyinsu a wannan fanni, da kuma ko jami'ar jihar tana da shirin buɗe sashen. Amsoshin suna cikin takardun kasafi da na ɗaukar ma'aikata, kuma doka ta ba kowa damar neman su.